Yadda na gabatar da waƙoƙin Uzbekistan a zaman adabinmu

Watan jiya ni aka ɗora wa gabatar da waƙoƙin Uzbekistan a zaman adabin da muke yi duk ƙarshen wata, kuma ni ba Uzbekanci nake ji ba, da fassara kawai na yi ta lallaɓawa a intanet har data ta kusa tsiyata ni. Abin da na fara lura da shi, mutanen nan in za su yi kuka a waƙa sai sun janyo tatsuniya tukuna.

Shi ya sa ban fara da waƙa ba, sai da na ba su labarin Alpomish, jarumin da ya yi shekara 7 a kurkukun ƙarƙashin ƙasa a hannun ƙabilar Kalmak, matarsa Barchin tana jira, ya dawo a ɓad-da-kama ana shirin aurar da ita ga wani. Masu rera shi, bakhshi, da dombira suke yi, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyu, a kudancin ƙasar ma da wata murya ta maƙogwaro, na kunna musu bidiyo wasu suka yi ta dariya da farko, can kuma kowa ya nutsu. To in mawaƙi ya ce Barchin kawai, ɗan Uzbek ya riga ya ji jira da kewa da amana gaba ɗaya, ba sai an ɓata baiti goma ana bayani ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan mawaƙi Hamid Olimjon. A 1938 gwamnatin Stalin ta Tarayyar Soviet, wadda Uzbekistan ke ƙarƙashinta a lokacin, ta harbe Cholpon da Fitrat da Abdulla Qodiriy, manyan marubutansu kenan fa, shekara na zagayowa 1939 shi kuma Hamid ya fito da Semurg, labarin makiyayi Bunyod da 'yar sarki Parizod da ƙaton tsuntsun da ya taimake shi ya tunkari dodo. Ni dai a ganina ba banza ba mutum ya koma bakin tsuntsaye da dodanni a irin wannan lokaci, nan ne kaɗai za ka ambaci zalunci ka kwana a gida. Wani malami a zaman ya ce na cika fassara, wai dodon ai sarakunan da ne ake nufi, abin da gwamnatin ke son ji kenan. Yana da gaskiyarsa wlh, ban dai sauka daga tawa ba. Kuma mafakar ma ba ta da tabbas, a 1952 labarin Alpomish kansa sai da aka yi masa ca wai ya saɓa wa talakawa, shi ne kuma aka yi wa bikin shekara 1000 a birnin Termiz a 1999.

Da na karanta musu waƙar kewar da mawaƙiya Zulfiya ta yi wa mijinta Hamid, wanda haɗarin mota ya kashe a 1944, wata 'yar'uwa ta ce ai wannan Barchin ce, sai dai nata Alpomish ɗin ba zai dawo ba. Ni ban ma haɗa su ba kafin ta faɗa. Wata mai zuwa an ce kowa ya zo da waƙa ɗaya da ya gina kan tatsuniyar da kakarsa ta ba shi, ni har yanzu ban zaɓi tawa ba.