Laraba a Bakin Ruwan Yawuri

Hazo ya sauka tun daren jiya. Da na gangaro bakin ruwa bayan sallar asuba, ko gungun da ke gabanmu ba a gani, sai dai ka ji ƙarar filafili da muryoyin masu kamun kifin warangi suna dawowa. Kogin Neja ya cika tam. Lokacin baƙin ruwa ke nan, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso mana cikin hunturu, watanni bayan ɗaukewar ruwan sama. Jirage na shiga ƙauyukan da ba sa iya kaiwa da bazara, mu kuma masu gyaran inji aiki ya yi mana yawa.

Na farko wani saurayi ne da injinsa mai ƙarfin doki 15, wai ba ya tashi sai an sha wuya. Ina kwance fulogi na ga ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe da mai. Baƙin man mota yake zubawa a fetur, kuma da ido yake aunawa. Na wanke masa kafireta, na sa sabbin fulogai, na nuna masa awon: jarkar fetur mai lita 25, rabin lita na man inji mai bugu biyu, irin wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa. Ɗaya cikin hamsin ke nan. Sabon inji ne kawai ake ninka masa a awa goma na farko. Ya biya ya tafi.

Wajen hantsi Baba ya iso. Jikansa ne ke tura jirgin da gora, shi yana zaune a baya, hannunsa a kan injin da bai kunna ba. Dattijo ne cikin Sarkawa, tun ina yaro nake ganinsa a kan ruwan nan, kuma ya san mahaifina. Injinsa Yamaha Enduro ne mai doki 40, irin wanda ya fi yawa a jiragen fasinja a nan. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Ɗana, ƙarfinsa ya ragu, kuma yana ɗaukar zafi. Goge mini fulogi ka hura kafireta, gobe ina da kasuwa."

Ni da yarona muka ciccibo injin muka ɗaura a bakin durom mai cike da ruwa. Ja biyu ya tashi. Ban saurari ƙararsa ba, idona na kan 'yar ƙofar nan ta gefe inda ruwan sanyaya inji ke tsartowa. Lafiyayyen inji tsartuwa yake yi da ƙarfi, miƙe, ba yankewa. Na Baba ɗiga yake yi, ɗis, ɗis, kuma da na tara hannu ruwan ya yi zafi fiye da kima. Na kashe nan take. Wani lokaci abin ba ya da girma, zanzaro ne ke shiga ya yi gininsa a ramin idan inji ya kwana biyu a ajiye. Na zura siririyar waya, na hura, na sake tayarwa. Bai canja ba.

Sai muka kwance ƙafar injin. Na cire sandar giya, na warware kusoshin, ƙafar ta zame ƙasa da doguwar sandarta. A kan sandar nan famfon ruwa yake, cikin wani ɗan gida mai kusoshi huɗu, kuma abin da ke cikinsa wata 'yar roba ce mai fikafikai da ba ta cika tafin hannu ba. Ita ce ke zuƙo ruwan kogi ta tura shi sama ya zagaya kan inji. Da na ɗaga murfin, fikafikai biyu sun gutsure, sauran sun lanƙwashe gefe guda sun ƙandare, ko na danna da yatsa ba sa dawowa. Faifan ƙarfen da ke ƙarƙashinta yashi ya yi masa zane zagaye-zagaye, har farce na maƙalewa. Na miƙa wa Baba ya juya ta a hannunsa ya yi shiru.

Abu biyu ke kashe robar nan a wajenmu. Ɗaya, yara su tayar da inji a tudu don su ji ko yana aiki. Ruwa ne man shafawarta, idan babu shi ko minti ɗaya ba ta kaiwa sai ta ƙone. Na biyu, matuƙi ya ƙi ɗaga inji idan ya zo wuri marar zurfi, ya yi ta nomar yashi da farfela, famfo na zuƙa. Kuma ba a sa sabuwa sai an nemo gutsattsarin tsohuwar, domin sama suke bi su toshe hanyar ruwa. Ɗaya na same shi a bakin bututu. Ɗayan ya ba mu wahala, sai da muka buɗe wajen tamostat muka yi ta ɗura ruwa ta sama kafin ya faɗo.

Tunda ƙafar na hannu, na ce bari in duba man giya. Na zare fin, na kwance noti, na ciro farfela. A bayanta zaren taru ya naɗe sandar, zafi ya narkar da shi ya zama wani zobe mai tauri, ya ci cikin sil, wato robar da ke hana ruwa shiga giya. Na riga na san abin da zan gani. Ina kwance dunƙulen ƙasa, wato abin da ke toshe ramin man giya, sai ruwa ya fara fitowa, sannan man ya biyo, fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara. A kan maganaɗisun dunƙulen akwai garin ƙarfe mai laushi, amma babu ɓarɓashi manya. Alhamdu lillahi, haƙoran giya ba su kai ga karyewa ba. Da ya ƙara 'yan makonni a haka, maganar sabuwar ƙafa za a yi, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin kasuwa goma.

Na lissafa masa: roba da faifanta, sil biyu, man giya, da ladan aiki. Ya daɗe yana kallon ruwa. Ya ce, "Ɗana, ɗaura mini shi haka nan. In na dawo kasuwa sai a yi. Fetur ya cinye mu."

Gaskiya ya faɗa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta wuce nan nesa. Inji mai bugu biyu kuwa shan mai gare shi. Fasinja talakawa ne, manoman shinkafa da albasa da mata masu kifi, ba a iya ninka musu kuɗin jirgi yadda mai ya ninka. Abin da ya rage wa mai jirgi sai ya ƙara lodi ya rage gyara, kuma waɗannan biyun su ne ke cin mutane a ruwan nan.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, hannuna ba zai ɗaura wannan ba. Ku kuka fi ni sanin ruwa. Mota in ta mutu, gefen titi take tsayawa a jira bakanike. Jirgi in ya mutu a tsakiya da lodi, iskar hunturu ta juya shi ta ba igiyar ruwa gefensa, me filafili biyu za su yi?"

Bai amsa ba, don ya sani. Daga nan zuwa kudu ba kogi ba ne kawai, tafki ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da gonaki da dazuzzuka, aka tashi mutane sama da 40,000, kuma ba duk itatuwan aka sare ba. Kututturansu na nan a tsaye ƙarƙashin ruwa har yau. Matuƙin da injinsa ke aiki yana kauce musu don ya san wurarensu. Wanda injinsa ya mutu, inda iska ta ga dama nan take kai shi. Kuma babu wanda ya manta da ranar 26 ga Mayun 2021, da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a hanya, waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah ya jiƙansu. Ba matsalar famfo ba ce ta ci wancan jirgin, amma duk wanda ya ga yadda aka yi ta jera gawarwaki a gaɓa ba zai sake ɗaukar jirgin fasinja da wasa ba. Jirgin Baba kansa mata da goyo yake ɗauka.

Muka daidaita a kan ya ba da kuɗin kaya yau, ladan aiki sai ya dawo kasuwa. Na aiki yarona cikin gari, na ja masa kunne ya murɗa fiffiken robar kafin ya biya. Ta gaskiya laushi gare ta, tana komawa daidai in ka saki. Jabun ta fi sheƙi, ta fi tauri, ta fi araha, kuma ba ta ganin damina.

Kafin ya dawo wata Hilux ta tsaya a sama, tana jan ƙaramin jirgin faiba a kan tirela. Ma'aikata ne da suka gama wani awo a ruwa, za su koma Birnin Kebbi, direban na tsoron dare ya same shi a hanya ba fitilar baya. Ya taka mini birki, sai duka fitilun tirelar suka yi ja-ja a dushe. Ya sa sigina, hagu da dama suka riƙa ƙyaftawa tare. Duk inda ka ga haka, kada ka ɓata lokaci a kan ƙwan fitila, wayar as ce, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe don wuta ta samu hanyar komawa. Soket ɗinsu mai baki bakwai ne: fara ita ce as, rawaya siginar hagu, koriya ta dama, ja birki. Na bi farar har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen tirela, tsatsa ta cinye wurin. Na kankare da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, na sa sabon kai, na ɗaure, na shafe da giris. Fitilu suka dawo garau. Na ce da shi, "Oga, in za ka sa tirela a ruwa ka fara zare soket, ƙwai mai zafi in ya ji ruwan sanyi fashewa yake. Kuma in ka sha tafiya, ka bari tayoyi su huce tukuna, boris mai zafi zuƙar ruwa yake yi." Na girgiza tayar hagu na ji tana ɗan motsi, na ɗaure masa, na ce a sake mata giris in ya isa.

Bayan azahar muka koma kan injin Baba. Wurin sa roba yana son natsuwa. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe ta a jikin sanda. In ya faɗi cikin yashi an shiga uku, in kuma aka manta shi sanda za ta yi ta juyawa roba na tsaye. Na liƙa shi da giris, na zura robar, sannan na riƙa juya sandar ta hannun dama ina danna murfin a hankali har fikafikan suka kwanta duk gefe ɗaya. Na bar yarona ya kwance ya sake yi da hannunsa, don aikin nan ba ya shiga kai ta kunne. Muka buga sabbin sil, muka ɗura man giya ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, muka toshe na sama kafin na ƙasa don kada man ya zube.

Duk wannan lokacin jikan Baba da kafinta na fama da jikin jirgin, suna cusa auduga a tsakanin katakai suna bi da narkakkiyar kwalta. Na je na duba katakon baya inda ake ɗaura inji. Na soka sukundireba, ta shige kusan rabin yatsa a gefe ɗaya. Maɗaci ne, yana da ƙarko, amma ruwa ya daɗe yana kwana a wurin. Kafinta ya ƙara masa wani katako ta ciki ya ɗaure da kusoshi masu noti, ni kuma na sa aka ɗaure injin da igiya a jikin jirgi, saboda na sha ganin inji ya yi tsalle ya nutse in farfela ta daki kututture.

Rigunan ruwa guda shida na gani a jirgin, an mayar da su matashin zama, rana ta cinye igiyoyin biyu daga ciki. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta daɗe tana nanata a sa rigar, a daina lodi fiye da kima, a daina tafiyar dare, kuma ni ina bayan wannan magana ɗari bisa ɗari. Na roƙi Baba ya ba tela ya sake musu igiya, ya riƙa rataye su a inuwa, in an tashi a fara ba mata masu goyo da yara. Ya ce zai yi, jikansa ya kwashe su ya nufi kasuwa.

Da la'asar sakaliya hazo ya ɗan yaye, muka fita gwaji. Ruwa na tsartowa miƙe, na tara hannu na ji ɗumi kawai. Baba ya karɓi sitiyari ya buɗe wuta har kusa da gungu, ya sa ribas, ya dawo, ya kashe ya sake tayarwa da ja ɗaya. Da muka fito na sake kwance dunƙulen sama na duba man, yana nan garau ba alamar ruwa. Ya sa mini albarka, ya ce a gaida mahaifiyata, jikansa ya dawo da riguna, suka juya tun da sauran haske.

Na rubuta sunansa a littafin bashi, na rubuta ranar da aka sa robar a cikin murfin injin da fenti, kamar yadda nake wa kowa. Sil irin na mai doki 40 ya ƙare mini, kuma akwai jirage biyu da suka yi alkawarin zuwa da safe, don haka sai na buga wa mai kaya waya kafin in kwanta.