Alƙalanci a filin makaranta

Mu malaman motsa jiki da ke alƙalancin gasar makarantu a Tahoua gardamarmu ba ta ƙarewa, kuma kusan kullum a kan abu ɗaya ce: yaron da ya zabura kafin a busa usur.

Dokar manyan gasanni ba ta da kwana-kwana. Tun 2010, wanda ya riga bindiga tashi ya fita, babu gargaɗi. Ita ce ta fitar da Usain Bolt daga gudun ƙarshe na mita 100 a Daegu a 2011. Masu tsauri a cikinmu da wannan suke kafa hujja, wai in an kori Bolt, wane ne ɗan koleji? Sai dai a can akwai na'ura a inda ɗan gudu ke dogara ƙafa, wadda ke kama shi in ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan harbi. Mu da toka muke ja layi. Ga iskar hunturu tana kwashe ƙarar usur, yaron da ke can gefe sai ya ga maƙwabcinsa ya tashi kafin shi ya ji komai. Ka kori ɗan shekara 13 da ya biyo mota tun asuba daga ƙauye a kan wannan, ba ka koya masa komai ba sai tsoron layi.

Abin da aikin ya koya mini shi ne lokacin sassauci ya fi yawansa muhimmanci. Kafin a fara, sai mu tara malaman kowace makaranta mu yanke: kuskuren farko gargaɗi ne ga kowa, wanda ya yi na biyu ya fita, ko ba shi ya yi na farkon ba. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba, haka dokar duniya take daga 2003 zuwa 2009. Kowa ya ji da kunnensa, shi ke nan. Rangwamen da aka yi bayan an ga ɗan wane ne ya yi laifi, son kai ne, kuma yara sun fi mu saurin ganewa.

Riga da takalmi ba na ɗaga murya a kansu. Abebe Bikila ba takalmi ya ci gudun fanfalaki a Roma a 1960.

Shekaru kuwa, nan fuskata ba ta da fara'a. Ƙato mai gemu a layin 'yan shekara 13 ya cuci yara bakwai a lokaci guda, kuma malaminsa ne ya koya masa. Takarda ma ba ta isa hujja ba, don yara da yawa ba a yi musu ta haihuwa ba sai daga baya a kotu, shi ya sa muke neman rajistar aji.

Dattaku a wasa na 'yan wasa ne, alƙali ba shi da ikon yin kyauta da haƙƙin wani. A gasar Olympics ta Tokyo a 2021, Barshim na Katar da Tamberi na Italiya sun raba zinaren tsallen sama a mita 2.37, amma su suka yarda, dokar kuma ta ba da dama. 'Yan Tahoua, garin da aka fara kokowar takobi, wato gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar, a 1975, sun san wannan: wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya ɗaga abokin karawarsa, kayen kuma yana nan a rubuce.

Mai wuya shi ne shugaban makaranta ya matso bayan gudu, ya kama hannunka, ya ce, “Malam, a duba mana, yarinyar nan ta sha wahala.” Gaskiya ne ta sha. Nakan ce, “Ranka ya daɗe, da safe kana nan muka yanke,” sannan in je wurin yarinyar in nuna mata inda ƙafarta ta taka layin wata.