Yadda nake wanke idon fitilar mota

Ba datti ke sa fitilar mota ta dusashe ta koma ruwan ɗorawa ba. Murfinta roba ce, kuma rana ce ke cinye siririn rufin da ke kare ta.

Ni dai nakan liƙa salatif a kewaye saboda fenti, sai in kama guga da samfefa da ruwa: lamba 800, sannan 1500, sannan 3000. Fitilar za ta yi fari fat, kada gabanka ya faɗi, man ƙyalli zai fito da ita tas.

Abin da ba na tsallakewa shi ne fesa sabon rufi mai tare illar hasken rana, in ba haka ba cikin 'yan watanni ta sake dusashewa. Idan kuwa raɓa ce ta taru daga cikin fitilar, sai an toshe inda ruwa ke shiga.