Abin da tankin ruwan gishiri ya koya min game da gansakuka

Lokacin da na fara aiki a shagon kifin ado a Jidda duk abin da ya fito a jikin gilashi ko kan yashi gansakuka nake ce masa, in ɗauki soso in goge. Maigidana ne ya fara hana ni, ya ce kafin ka goge ka tsaya ka duba tukun, taɓa shi, shinshina shi.

Mai sauƙin ganewa shi ne dayatom, wannan gansakuka ce mai kama da ƙura ruwan ƙasa da ke rufe yashi a sabon tanki, da yatsa ma tana tashi, silika take ci, wani sinadari da ke cikin yashi da ruwa, kuma in ta cinye bayan 'yan makonni da kanta take tafiya. Sayano kuwa ja ne mai duhu kamar zoɓo, shimfiɗa yake yi kamar tabarma a lungun da ruwa baya motsi sosai, in ka hura masa ruwa da sirinji sai ya ɓantaro falle guda, ga wari irin na kwata. Kuma shi ba gansakuka ba ne ma, bakteriya ce mai rayuwa da haske.

Wanda ya ba ni wuya shi ne daino, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru. Akwai tankin wani kwastoma mai lita 400 da nake zuwa dubawa duk sati, na tarar da wani abu ruwan ƙasa a kan duwatsu na ce ai dayatom ne ko sayano, na canza ruwa na ƙara maganin rage fosfet, sinadarin dattin ruwa da gansakuka ke ci, sati na zagayowa abin ya ninku, ya zama zare zare mai yauƙi kamar majina da ɗan kumfa a bakin kowane zare, dodon koɗi guda shida sun mutu a ƙasa. Wallahi ranar raina ya ɓaci sosai don amana aka ba ni. Da na gwada ruwan sai na ga naitret, wanda shi ma sinadarin datti ne, sifili fosfet sifili, ashe tsabtar ce ta yi yawa, sauran ƙananan halittun da ke gasa da shi yunwa ta kashe su shi kuma ya samu fili. Ni da hannuna na ƙara masa ƙarfi.

Maigidan ya nuna min gwaji mai arha: ka ɗebo abin a kwalba da ruwan tankin, ka girgiza sosai, ka tace da tishu, ka ajiye ruwan a haske. In daino ne cikin awa ɗaya ko biyu za ka ga ya sake haɗuwa ya yi zare, sauran ba sa yin haka. Mun sa ɗigo a maikuroskop kuma, ga su nan kamar ƙwayar riɗi suna juyawa, irin da ake kira Ostreopsis ne mai guba. Da daddare yana sakin dutse ya shiga ruwa, shi ya sa da safe tanki yake fes da la'asar ya dawo, shi ya sa kuma fitilar UV, mai kashe ƙananan halittun da ke cikin ruwan da ya bi ta cikinta, take kama shi.

Muka daina canza ruwa, muka ƙara wa kifi abinci har naitret ya ɗan tashi, muka sa UV da gawayin tace ruwa saboda gubar. Ya ɗau kusan wata ɗaya kafin duwatsun su fito, yanzu har ɗigon shunayya mai tauri na koralin, irin gansakukar da ake so a tanki, ya fara bayyana a kansu, shi wannan ba na taɓa shi sai wanda ya hau gilashin gaba.