Ashe famfara yake yi

Yau da safe na tarar kwikwiyona ya tasa silifas ɗin Baba a gaba, ya kusa raba shi biyu. Har na ɗaga murya, sai ga wani ɗan farin abu a tabarma kamar ƙwayar shinkafa. Haƙorinsa ne ya fita! Daga wata huɗu zuwa shida haka suke, haƙoran yarinta 28 na zubewa, 42 na tsirowa, dasashi sai ƙaiƙayi.

Na karɓe silifas ɗin, na ƙulla tsohon tawul, na jiƙa da ruwan sanyi na miƙa masa. Da ya kama na shafa kansa, takalma kuma suka koma kan katanga. Nake ta tunanin kwikwiyo guda nawa ne ke shan bulala kan ƙaiƙayin da ba shi da bakin faɗa.