Zaman Alƙahira da allurar da ke ƙone ƙarin hanta

Bahaushen da ka gani a Alƙahira, in ba karatu ya kawo shi ba, to jinya ce ko fatauci. Ni karatu ya kawo ni Azhar, amma jinyar wasu ce ta zaunar da ni. Na fara sauka a Hayyul Ashir, can gefen Madinat Nasr, unguwar da baƙin Afirka suka fi taruwa: 'yan Sudan, 'yan Somaliya, 'yan Chadi, da mu na Najeriya da Nijar. Sanyin Janairu ya ba ni wuya, haka zirga-zirgar sabunta iƙama, haka kewar tuwo. Larabcin zaure da na zo da shi sai da ya daɗe kafin ya saba da na titi. Wake da gurasa da safe, koshari da rana, a hankali ciki ya haƙura.

Kuɗin haya ne ya sa na fara raka majinyatanmu asibiti ina yi musu tafinta. Sai dai ranar da na ji na zama ɗan unguwa, ba Bahaushe na raka ba. Wani dattijo ne mai shago a ƙasan benenmu, ɗansa yana aiki a Saudiyya, ya ce min: "Ɗana, gobe za a ƙone min wani abu a hanta, ina so ka zo mu tafi."

Labarin hantarsa labarin miliyoyin Misirawa ne. Yana yaro a ƙauyensu na bakin Nilu aka yi masa allurar tsargiya, a kamfen ɗin da gwamnati ta yi tun daga shekarun 1950 har zuwa na 1980, lokacin da ake yi wa layin mutane allura da sirinji ɗaya ba tare da an tafasa shi yadda ya kamata ba. Ta haka ciwon hanta nau'in C ya bazu. Binciken 2008 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59 sun taɓa kamuwa, abin da babu ƙasar da ta kai. Daga 2014 aka shigo da sabon maganin sofosbuvir a farashi mai rahusa, a 2018 aka bi gari-gari aka gwada mutum kusan miliyan 50, har a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba wa Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Dattijon ya sha magani ya warke, amma hantar ta riga ta yi tabo, kuma hanta mai tabo ita ce gonar ciwon daji. Shi ya sa duk wata shida yake zuwa a yi masa hoton ciki da gwajin jini, yana lafiya garau. A nan aka hango ƙarin, bai kai santimita uku ba.

Ban shiga ɗakin aikin ba, amma likitan ya zana mana komai a takarda. Ba a tsaga ciki. Ana ba mutum abin da zai kashe zafi ya sa shi gyangyaɗi, likita yana kallon hantar a allon na'ura, ya soka wata siririyar allura ta fata har tsakiyar ƙarin. Bakin allurar ne ke fitar da zafi, ko ta igiyar rediyo ko ta maikurowef, kuma da zarar zafin ya haura digiri 60 ƙwayoyin cutar sun mutu. Ana ƙonawa har a ɗan zarce gefen ƙarin don kada a bar saura. Wanda ya san sakiya a gida zai gane dabarar, sai dai wannan ido na ganin inda ƙarfen ya nufa. Akwai kuma wadda ake yi da sanyi, a daskarar da ƙarin, an fi yin ta a ƙoda.

Washegari muka dawo gida da ɗan filasta a gefen haƙarƙarinsa. Ya yi ɗan zazzaɓi da kasala, kamar yadda aka gargaɗe mu, kafin mako ya zagayo yana zaune a shagonsa. Bayan wata guda hoto ya nuna wurin ya mutu. Daga ranar matarsa ba ta dafa abu mai daɗi ba ta aiko min ba.

Abin da ke ci min rai shi ne namu. Ba a jima ba aka kawo wani Alhaji daga gida, ya sayar da gona, idonsa ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura da ruwa. Ya ji labarin allurar a wajen wani, ya riƙe hannuna a gaban likita ya ce: "Malam, ka gaya masa ita nake so, ba na son wuƙa." Ni ne na juya masa amsar da Hausa: "Alhaji, ya ce ƙarin ya yi girma, kuma ya shiga jijiyar jini, allurar ba za ta iya masa ba." Ban taɓa fassara maganar da ta yi min nauyi kamar wannan ba.

Gaskiyar ita ce aikin yana da iyaka. Ya fi ci idan ƙarin bai wuce santimita uku ba, bai fi guda uku ba, bai fita daga hantar ba, ita kanta hantar kuma tana da sauran ƙarfi. In yana manne da babbar jijiya, jinin da ke gudana yakan kwashe zafin ya bar saura. Ko an ƙone shi tas, wani na iya tsirowa a wani gefen, don haka bibiya ba ta ƙarewa. Ƙari ƙarami kuwa ba ya ciwo. Wanda ya jira sai jiki ya faɗa masa, yawanci ya wuce wannan ƙofar.

Mu a gida nau'in B ne ya fi yi mana ɓarna. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da shi, akasari tun suna jarirai ko yara, ga gubar fumfunar gyaɗa da masara da ke ƙara wa hanta nauyi. Rigakafinsa yana cikin alluran jarirai tun 2004, gwajinsa kuma ɗigon jini ne. Na yi nawa a nan, na matsa wa 'yan gidanmu suka yi, aka samu ƙanena yana da shi, yanzu duk wata shida yana zuwa hoto.

Idan aka kira ni daga Kano ko Damagaram ana tambayar allurar, nakan ce kada a sayar da komai tukuna. A turo min hoton da sakamakon jini, in kai wa likita ya duba girman ƙarin da adadinsa da ƙarfin hantar, sannan a yi maganar biza da tikiti.