Kayan ƙwalam ba fulawa, ba sukari: yadda nake haɗa su da abin da ke ɓata su

Wanda aka ce ya rage sitaci da sukari, ba tuwo ko shinkafa ke fara kayar da shi ba. Tsakanin azahar da la'asar ne, lokacin da baki ke neman abin taɓawa, ga cincin a roba, ga biskit a shagon bakin layi. Shi ya sa na fi ba kayan ƙwalam muhimmanci, kuma duk abin da nake aiki da shi a kasuwa nake samu: gyaɗa, riɗi, waken suya, kwakwa, ƙwai da nama. Garin almon da ake ta tallatawa a intanet ba dole ba ne.

Abin da na fahimta tun da wuri shi ne, sukari da fulawa ba ɗanɗano kaɗai suke bayarwa ba, aiki suke yi. Narkakken sukari ne ke riƙe kantun riɗi ya zama dunƙule, shi ke sa kwakumeti ya yi ƙaras-ƙaras, shi ke hana abu saurin lalacewa. Fulawa kuma ita ke ba kwaɓi danƙo. Idan aka cire su ba a sa wani abu ya karɓi aikin ba, abin da za a samu marmashi ne, ko wani abu mai laushi da zai yi fumfuna cikin kwana uku. A wajena farin ƙwai ne ke riƙewa, busarwa a wuta kaɗan-kaɗan ke kawo ƙaras-ƙaras, adanawa kuma sai dai a riƙa yin kaɗan.

Akwai lissafin da ya kamata a riƙe. A kowane giram 100, fulawa na ɗauke da sitaci wajen giram 75. Dabino ma kusan haka yake, zuma ta haura 80, sai dai nasu sukari ne ba sitaci ba. Don haka masu cewa sun bar sukari sun koma zuma da dabino ba su yi nisa ba. Gyaɗa na da wajen giram 16 idan aka haɗa sitaci, sukari da faiba, rabinsa kuma faiba ne, wato ɓangaren da jiki ba ya mayarwa sukari. Riɗi wajen 23, rabi shi ma faiba. Ɗanyar kwakwa 15, faiba 9. Awara ba ta cika wuce giram 2 zuwa 3 ba, ƙwai ɗaya bai kai giram ɗaya ba. Kashu na da kusan 30, shi ya sa na ajiye shi gefe. Aya ma haka, zaƙin da ake ji a cikinta sukari ne na gaske, ga sitaci a kai.

Gyaɗa ta fi komai sauƙi. Nakan fara da tsincewa, in fitar da duk wadda ta yamutse, ta canza launi ko ta yi ɗigon fumfuna. Wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne: fumfunar gyaɗa na haifar da gubar afalatoksin mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Bayan haka sai in zuba ruwan zafi mai gishiri, babban cokali ɗaya ga kofi uku na gyaɗa, in bar ta minti 10, in tsane, in baza ta sha iska har bayanta ya bushe. Suyar a yashi mai tsabta nake yi, wuta matsakaiciya, ana juyawa ba tsayawa, minti 15 zuwa 20. A sauke tun cikinta bai gama yin ja ba, domin zafin jikinta zai ci gaba da gasa ta. Wadda aka bari ta yi ja sosai a kasko, kafin ta huce ta yi ɗaci. Matsalar gyaɗa ɗaya ce, hannu ba ya tsayawa. Cikin tafi ɗaya, wajen giram 30, ya kai kalori 170. Nakan ƙulla ta ƙulli-ƙulli tun ranar suya, in ba haka ba kwalba guda sai ta tafi a zama ɗaya.

Ƙuli-ƙuli kuwa na gida na fi yarda da shi, saboda wasu masu yi na sayarwa kan ƙara sukari, wasu gari, don auki. A markaɗa soyayyar gyaɗa kilo ɗaya ta yi laushi, a riƙa ɗiga ruwan zafi cokali biyu-biyu ana juyawa da muciya. Da farko za ta ƙara kauri, sai ta fara haɗe jikinta, mai ya fara tsatstsafowa. Duka ruwan ba ya wuce rabin kofi. Idan aka zuba shi gaba ɗaya, kwaɓin zai saki, man kuma ya ƙi fita. A matse tunkuzar sosai, a sa gishiri, citta da barkono, a murza siriri, a soya a man da aka fitar, wuta ƙasa-ƙasa. Wuta mai ƙarfi na ƙona baya ta bar ciki da danshi, irin wannan shi ke yin laushi washegari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da aka cire mai, abin da ya rage ya fi ɗauke da sitaci a kowane giram fiye da gyaɗar kanta. Ba laifi a ci, amma ba a yi masa cin gyaɗa. Ni na fi amfani da shi a daka, in yi kwaɗon zogale ko in barbaɗa wa dafaffen ƙwai.

Riɗi ne ya fi koya mini aikin farin ƙwai. Kantu ba ya yiwuwa da sitibiya, wato abin zaƙin da ake samu daga wani ganye a madadin sukari, domin ɗigo kaɗan ake sawa, ba ta da jikin da za ta riƙe komai. Iritiritol, wani madadin sukari da ake sayarwa a wasu manyan kantuna, yana narkewa, amma da ya huce sai ya koma tsaki-tsaki, ya bar wani sanyi a harshe. Zaƙinsa kuma bai kai na sukari ba, wajen kashi 70 cikin ɗari ne, idan aka yawaita yana sa kumburin ciki. Saboda haka na bar neman kantu, na koma yin riɗi mai gishiri, falle-falle kamar biskit.

Ga yadda nake yi. A rege riɗi kofi ɗaya, wajen giram 140, a fitar da yashi, a shanya ya bushe sarai. Riɗin da bai bushe ba yana tsinka ƙwai, abin ya ƙi kamawa. Kada a soya shi tukuna, gashin da za a yi ya ishe shi, wanda aka soya kafin gashi ɗaci yake yi. A daka kashi ɗaya cikin huɗu ya zama gari, shi ke cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin. A kaɗa farin ƙwai ɗaya har ya yi kumfa, a zuba riɗin duka, da rabin ƙaramin cokalin gishiri da ɗan masoro. A zuba a kan takardar gashi, a rufe da wata, a murza da kwalba har kaurin ya zama kamar na kwali. A tsaga shi da wuƙa tun yana ɗanye, don idan ya gasu karyewa yake yi yadda ya ga dama. A obin, zafi digiri 160 a ma'aunin Salshiyos na minti 15 zuwa 18. Wanda ba shi da obin ya zuba yashi a gindin babbar tukunya, ya ɗora faranti a kan duwatsu uku ko murfin gwangwani, ya rufe, wuta kaɗan. A nan sai an riƙa leƙawa, gefe na riga tsakiya gasuwa, nakan cire na gefen in mayar da sauran. Lokacin da aka sauke zai yi kamar bai yi ba. A bar shi ya huce a buɗe, a nan yake yin ƙarfi. In ya huce bai yi ƙaras ba, ko dai ya yi kauri ko lokaci bai kai ba, a mayar da shi minti 5.

Awara ce na fi yi, ita ce kuma ta fi ƙosarwa. Waken suya kofi biyu, a jiƙa awa 8 zuwa 10. Lokacin zafi awa 6 ma ya isa, in ya wuce ya fara tsami, awarar kuma ba ta auki. A markaɗa da ruwa lita uku, a tace da ƙyalle mai ƙananan ido. A ɗora a tukunya mai zurfi, domin madarar na tasowa lokaci ɗaya ta zube, a bar ta ta tafasa minti 10 ana juyawa kada ta kama. Wannan tafasar ce ke kashe ƙarnin wake da abin da ke hana shi narkewa a ciki, kada a gajarta ta. A sauke, a jira minti 3 zuwa 5, sannan a kawo abin tsinkawa. Ruwan tsamin da aka ajiye daga awarar baya ya fi ba da laushi. Idan babu, ruwan lemon tsami babban cokali 4 zuwa 5 a cikin rabin kofin ruwa. A zuba kashi uku: a zuba na farko, a juya sau biyu a hankali, a rufe minti biyu, a duba. Alamar ta yi ita ce ruwan ya koma garai-garai mai ɗan rawaya. In har yanzu fari ne kamar madara, a ƙara. In aka zarce, awarar za ta yi tsami, ta yi tauri, ta riƙa marmashewa a mai. Yawan juyawa ma na farfasa ta, ta bi ruwa ta ƙyalle.

A kwashe a ƙyalle, a sa gishiri, attaruhu da albasa yankakku ƙanana, a ɗaure, a danne da abu mai nauyi. Minti 30 na ba da mai laushi, awa ɗaya zuwa biyu na ba da wadda za a yanka siriri. Daga kofi biyu nakan samu kusan rabin kilo. Ta soyawa nakan tsoma a ruwan ƙwai kawai, ba a barbaɗa fulawa. Mai ya yi zafi sosai kafin a saka, in ba haka ba ta sha mai ta yi nauyi. Wadda na fi so ita ce a yanka ta falle-falle, a shafa mai kaɗan da yaji, a gasa a zafi 180 na minti 25, a juya a tsakiya. Tana fitowa da ƙarfi a gefe, ana iya ɗaukarta zuwa wurin aiki. Kada a manta awara ba ta jure zafi: ba firji, yini ɗaya ne, a firji kwana uku zuwa huɗu.

Dusar da ta rage a ƙyalle ba ta zubarwa ba ce. Nakan soya ta a busasshen kasko har ta bushe ta yi wara-wara, in haɗa rabin kofi da rabin kofin gogaggiyar kwakwa, ƙwai biyu, man shanu babban cokali biyu, ɗan gishiri da ɗigon sitibiya. Dusar wake da kwakwa duk masu shan ruwa ne, don haka a bar kwaɓin minti 10 kafin a yanke hukunci ko ya yi ruwa. A mulmula, a danne da cokali, domin ba ya bajewa da kansa kamar na fulawa. Minti 20 a zafi 170. Ba zai yi ɗanɗanon biskit ɗin kanti ba, kuma wanda ya ƙara sitibiya don ya kamo wancan zaƙin, ɗaci zai tarar a maƙogwaro.

Kwakwa zalla ma ta isa. A fere ta siriri da abin feraye dankali, a baza, a gasa a zafi 150, ana juyawa duk minti 5. Tana da mai, daga fari zuwa ƙonewa ba nisa.

Kilishi a ido nama ne zalla, amma labu ne abin dubawa, don masu yi da yawa na sa sukari a ciki. Na gida ba wuya in akwai rana. Jan nama marar kitse rabin kilo, a sa a firiza ya ɗan daskare don ya yanku siriri, a shanya a rufe da raga saboda ƙuda. Labun: tunkuza rabin kofi, citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa ƙarama da gishiri, a dama da ruwa ya yi kaurin kunu. A tsoma naman, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama a garwashi. Kitse ne ke fara wari, shi ya sa ake cire shi tas. Da hunturu komai na bushewa cikin yini, da damina kuwa obin a mafi ƙarancin zafi, ƙofa a ɗan buɗe, ya fi aminci.

Batun ajiya, kada a rufe komai da sauran ɗumi, tururin zai koma ruwa a cikin kwalba. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli na kai mako biyu zuwa uku, riɗi mai ƙwai mako ɗaya, biskit ɗin dusa kwana huɗu sai dai a firji. Da damina a rage rabin waɗannan kwanaki. Wanda ya yi laushi amma bai canza wari ba, minti 5 a obin na dawo da shi. Wanda ya fara warin tsohon mai, zubarwa za a yi.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, idan zai rage sitaci sosai, ya fara magana da likitansa, domin sukarin na iya faɗuwa ƙasa da kima in ba a daidaita maganin ba. Mai hawan jini ya raba gishirin da na ambata biyu, ya bar dunƙule, ya ƙara citta da tafarnuwa. Mai ciwon ƙoda kuma, awara da kilishi da ƙuli-ƙuli duk furotin ne mai yawa, sai da shawarar asibiti.